Ranar da Mai Gida Ba Ya Nan: Yadda Kasuwancin Alhassan Ɗantata Ya Rayu Bayan 1955

Akwai wani dattijo da muka yi maƙwabtaka da shi a unguwarmu, ɗan kasuwar yadi, mai shago uku da sito ɗaya. Makullan duka suna aljihun 'yar-cikinsa, ɗaure da igiya. Lissafinsa kuwa a kansa yake. Wanda ya ɗauki bandir ashirin bashi daga Maraɗi, da wanda zai kawo ciko bayan Sallah, duk ya haddace su kamar Fatiha. Idan zai tafi Umara sai a garƙame sito har ya dawo. Da Allah Ya karɓi abinsa, kafin sadakar arba'in masu bin sa bashi sun cika zaure, kowa da takardarsa a hannu. Waɗanda shi yake bi kuwa ko mutum ɗaya bai leƙo ba, tunda babu wanda ya san su sai mamacin. Da aka zo rabon gado aka yi wa kaya kuɗi, aka karya farashi aka sayar, kowa ya karɓi rabonsa ya kama gabansa. Yau cajar waya ake sayarwa a ɗaya daga cikin shagunan.

Duk wanda ya tashi a Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ya san labari irin wannan, sunaye kawai za a canza. Shi ya sa gidan Ɗantata ya cancanci a zauna a dube shi da kyau. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, amma bayan shekara 70 sunan kamfaninsa bai goge ba, kuma kasuwanci bai bar gidan ba. Idan ka tambayi mutane dalili, amsar da za ka fi ji ita ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan amsa ba ta gamsar da ni, domin mahaifin Alhassan ma barewa ne, kuma nasa kasuwancin tare aka binne su.

Mahaifin nasa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne, daga cikin Agalawan da suka shahara da fataucin goro tsakanin ƙasar Kano da Gwanja. Ya zauna a Bebeji, inda aka haifi Alhassan a 1877. Aikin madugu aiki ne da ke rataye a wuyan mutum ɗaya. Shi ya san hanya, shi ya san inda ake ketare kogi, shi ya san sarkin da ake ba gaisuwa da wanda ake kewayewa, shi ne fatomomin zango suka yarda da shi. Wannan ilimi ba ya rubuce a ko'ina. Da Abdullahi ya rasu wajen 1885, 'ya'yansa duk ƙanana ne, Alhassan bai fi shekara takwas ba. Aka raba dukiya kamar yadda shari'a ta tsara, ayari ya watse, mahaifiyarsu Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, babban birnin Gana ta yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali: ɗan Tata. Abin da yaron ya gada bai kai shi ko'ina ba, sai da ya yi almajiranci. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893, Bebeji tana ɓangaren Sarki Tukur, ɓangaren da aka ci da yaƙi, aka kama Alhassan da 'yan uwansa, sai da aka fanshe su.

Wato mutumin da muke magana a kansa ya ɗanɗana abin da ke faruwa da marayun attajiri tun kafin ya mallaki ko anini. Ban ce wannan ne kaɗai ya sa ya yi abin da ya yi daga baya ba, amma yana da wuya a karanta ƙarshen rayuwarsa ba tare da an tuna farkonta ba.

Yadda ya yi arziki sananne ne, ba zan daɗe a kai ba. Ya koma fataucin goro, ya zama cikin Hausawan farko da suka bar doguwar hanyar ƙasa suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Ikko. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa sun zo da tunanin auduga, manoma suka nuna musu gyaɗa ta fi biya, kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe. A 1912 kamfanonin Turawa suka nemi manyan 'yan kasuwar Kano su riƙa saya musu, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suka shiga tun da wuri. Alhassan bai shiga ba sai a 1918, lokacin da Niger Company ya neme shi. Cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi, ya zama wanda ya fi kowa dukiya a Kano. Da aka haɗa kamfanoni aka kafa United Africa Company (UAC) a 1929, shi ne babban mai saya masa gyaɗa a Arewa.

A cikin harkar gyaɗa ne abin da ya dame mu ya fara. Fataucin goro mutum yana iya yin sa da ƙafarsa da idonsa, yana tafe tare da kayansa. Gyaɗa ba haka take ba. Kakarta gajera ce, kuma a warwatse take a ƙauyuka ɗaruruwa a lokaci guda. Kamfani zai ba babban mai saye kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka da buhuna da ma'auni, wasu su ba manoma kuɗi tun amfanin yana gona. Daga nan a ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, a kai tasha. Jirgin ƙasa ba ya iya kwashewa da saurin da ake kawowa, shi ya sa aka riƙa jera buhuna sama-sama har suka zama dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, wadda ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000. Mutumin da ke zaune a unguwar Sarari a birnin Kano ba zai iya auna gyaɗa a Bebeji da Sakkwato a rana ɗaya ba. Dole ya ɗauki kuɗi masu nauyi ya danƙa wa wani, ya bar shi ya tafi inda ba ya ganinsa, ya yanke farashi da kansa, ya dawo bayan makonni ya ba da lissafi. Ɗan kasuwar da ba zai iya sakin makulli ba, a wannan harka ƙaramin ɗan kasuwa zai tabbata.

Tsarin mai gida da yaransa tsoho ne a ƙasar Hausa, ba Ɗantata ya ƙirƙiro shi ba. Yaro yakan shiga hannun mai gida, ya ci ya sha a gidansa, a yi masa aure, wata rana a sallame shi da jari. Ƙarfin tsarin amana ce, rauninsa kuma ita ce dai: amanar tsakanin mutum biyu take, idan ɗaya ya faɗi ta yanke. Yaron da ya riƙe wa Alhaji amana shekara ashirin ba lallai ya riƙe wa ɗan Alhaji ba, musamman idan a gabansa aka haifi ɗan. Abin da Alhassan ya ƙara a kan tsohon tsarin shi ne abubuwan da ba sa mutuwa idan mutum ya mutu.

Na farko takarda. Labarin raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai bankin Turawa a Kano a 1929 kowa ya san shi, amma galibi ana ba da shi ne don nuna yawan kuɗin. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda kuɗin suka koma. Attajirin wancan zamani a ɗaki yake tara kuɗinsa, ko ya haƙa rami, wani lokaci ya mutu babu wanda ya san wurin. Kuɗin da ke banki suna da lamba da suna da shaida, magada ba sai sun yi tone-tone ba. Haka kuma ya ajiye mutum na musamman mai kula da lissafin dukiyar, Garba Maisikeli, wanda ba ɗansa ba ne. Ko laƙabin mutumin ma ya gaya maka daga wace harka ya fito.

Sai 'ya'yan. A lokacin da yawancin attajiran birni ke gudun boko, ya buɗe makaranta a gidansa. Ɗansa Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya yi firamaren Dala daga 1938 zuwa 1945, sannan ya ƙarasa a wannan makaranta ta gida. Amfanin wannan a kasuwa a fili yake: ɗan da ke iya karanta wasiƙar kamfani da takardar banki da kansa, akawu ba zai juya shi ba. Bayan karatu kuma bai zaunar da su a zaure suna karɓar gaisuwa ba. A 1948, yana ɗan shekara 17, Aminu ya shiga kasuwancin gidan a matsayin mai sayen amfanin gona, wato aikin da yaran gida ke yi, a bakin sikeli, cikin ƙura da ɓawon gyaɗa. Zuwa 1955 shi ne mai kula da harkar kamfanin a yankin Sakkwato, nesa da idon mahaifinsa. Sanusi, yayansa, tun yana matashi aka sa shi a harkar shanu, ana saye a Arewa a loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Duk wanda ya taɓa ba ɗansa ajiyar shago na yini ɗaya ya san abin da wannan ke nufi. Sai ka yarda yaro ya yi asara da kuɗinka kana raye, kana iya gyara masa, maimakon ya yi asararsa ta farko ranar da babu mai gyarawa.

Abu na uku shi ne wanda, a ganina, ya fi sauran nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Kafin rasuwarsa ya zuba kasuwancin a cikin kamfani mai suna Alhassan Dantata & Sons.

Kada a fahimce ni a baibai, shari'ar gado ba ita ce ke kashe kasuwanci ba. Hukuncinta a bayyane yake: a biya bashi, a fitar da wasiyya idan akwai, kuma ba ta wuce sulusi ba ta zuwa ga magaji, matan mamaci su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Shari'a ta faɗi yadda za a raba, siffar abin da za a raba kuwa aikin mai dukiya ne tun yana da rai. Idan dukiyar bandir ce da motoci da sito, kuma magada sun kai goma sha, babu yadda za a yi kowa ya sami haƙƙinsa sai an sayar ko an yayyaga. Mota ɗaya ta tafi wajen wannan, sito ya tafi wajen wancan, jarin da ke juya su ya rabu gida ashirin, kowane kashi ya yi ƙanƙantar da ba zai iya ɗaukar harkar ba. Idan kuwa dukiyar hannun jari ce a kamfani, kowane magaji zai karɓi kasonsa cif-cif a rubuce, tukunya kuma tana nan a kan murhu ba a sauke ta ba. Abin da ya faru a 1955 ke nan: hannayen jarin kamfanin aka raba wa 'ya'ya. Babu wanda aka tauye wa haƙƙi, kuma kaka ta gaba ta zo ta tarar da masu saye a wurarensu.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira 'ya'yansa, ya kira Garba Maisikeli. Abin da masu tarihin gidan suka ruwaito shi ne ya gaya musu kwanansa ya ƙare, ya hore su su zauna tare, kada su bar kamfanin ya rushe, su riƙa auratayya a tsakaninsu, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su kula da dangi musamman marasa ƙarfi. Bayan kwana uku ya cika. A lura da wanda aka zaunar a wannan ɗaki tare da 'ya'yan cikinsa: mai riƙe da littafin lissafi. Dattijon unguwarmu da na fara da labarinsa shi ma ya yi wa 'ya'yansa wasiyyar zumunci, na tabbata har da hawaye. Abin da bai bar musu ba shi ne mutumin da zai buɗe littafi ya ce ga abin da ake bin mu, ga abin da muke bi.

Jarrabawar gaske ba ta zo a 1955 ba, domin a lokacin alhinin rasuwa da kwarjinin mamaci suna riƙe da kowa. Ta zo ne bayan shekara biyar. Ahmadu, ɗan Alhassan da ya karɓi shugabancin kamfanin, ya rasu a 1960. Gidaje da yawa a irin wannan gaɓa suke tarwatsewa, domin uba ya naɗa magaji na farko, amma babu wanda ya naɗa na biyu. A nan kuwa tun 1958 Aminu yake mataimakin shugaba. Ya hau kujerar yana ɗan shekara 29, amma da shekara 12 na aiki a bayansa, daga bakin sikeli har ofis. Kujera ce mai suna da mataimaki, ba rawanin mutum ɗaya ba, shi ya sa aka san wanda zai hau ba tare da an kai ruwa rana ba. Daga 1968 zuwa 1973 kuma Aminu ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo ta Jihar Kano, hankalinsa ya rabu biyu, kamfani bai rufe ba.

Sannan gyaɗar kanta ta tafi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka haɗu suka share dalar gyaɗa daga Kano. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Da a ce abin da Alhassan ya bari sana'ar gyaɗa ce kawai, da nan labarin ya tsaya. Amma tun bayan samun 'yancin kai kamfanin ya shiga kwangilar gine-gine, har da ayyuka a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, gidan yana da jari a dunƙule da zai sayi hannayen jari a kamfanonin baƙi, abin da magadan da suka riga suka raba nasu ba za su iya ba. Daga baya aka shiga harkar man fetur da banki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Alhassan ya sani ko ya tsara. Mutanen da ya bari ne suka yanke shawara a kan abin da bai taɓa gani ba.

To amma kada yabo ya rufe mana ido, akwai inda labarin bai cika ba.

Wasiyyar zama tare ba ta tabbata a tukunya ɗaya ba. Sanusi ya gina nasa kasuwancin daban, har ya zama babban mai lasisin sayen gyaɗa a ƙasar a shekarun 1960, da nasa yaran da nasa motocin. Mamuda ya kama harkar jigilar alhazai. Daga tsatson Sanusi kamfanin gine-gine na Dantata & Sawoe ya fito. Wani zai ce wannan rarrabuwa ce. Ni ina ganin ita ce ta ceci uwar kamfanin. 'Ya'ya maza masu ƙarfi da buri, idan kujera ɗaya ce tal a gidan, sai an yi faɗa a kanta. Da yake uban ya ba kowa jari da sana'a tun da wuri, wanda bai hau kujera ba yana da inda zai nufa ba tare da ya ce a raba a ba shi nasa ba.

Inda na fi samun tsaiko shi ne wannan. Kamfanin ya kuɓuta daga dogaro da Alhassan, sai ya jingina da Aminu har shekara 65. Duk wanda ya san Kano ya san cewa a tsawon wannan lokaci darajar gidan da mutuncin Alhaji Aminu abu ɗaya ne. Shi ake zuwa gaisarwa a Koki, sunansa ne ke buɗe ƙofa a banki da gidan gwamnati, shi ne mai raba gardama a dangi. Allah Ya ba shi tsawon rai, kuma tsawon ran shugaba nagari yakan ɓoye tambayar da ya kamata a yi: tsari ne ke tafiyar da harkar, ko kuwa sa'a aka yi aka sami mai gida na biyu da ya kai na farko? Kamfanin iyali ne, ba a kasuwar hannun jari yake ba, ba ya buga lissafinsa kowa ya gani. Kuma magadan da a 1955 'yan uba ɗaya ne da suka tashi a tsakar gida ɗaya, yau jikoki ne da tattaɓa-kunne masu yawa, wasu a Kano, wasu a Abuja, wasu a ƙasashen waje. Hannun jarin da aka raba sau ɗaya za a sake raba shi, a kuma sake, kuma kowane rabo yana ƙara yawan masu cewa a sayar a ba ni nawa. Auratayyar cikin gida da Alhassan ya yi wasiyya da ita dabara ce ta rage wannan zirarewa, amma dabara ce ta zamaninsa.

Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, a Abu Dhabi, yana da shekara 94, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a a Madina. Tun kafin nan 'ya'yansa sun daɗe da karɓar tafiyar da harkokin yau da kullum, wato an maimaita abin da aka yi masa a 1948. Amma wannan ne karo na farko tun 1877 da gidan ya wayi gari babu Alhassan kuma babu wannan ɗan nasa da ya riƙe sunan.

Wani reshe na gidan ya bi wata hanyar daban. Aliko Ɗangote ɗan Hajiya Mariya ce, 'yar Sanusi Ɗantata, kuma a hannun kakan nasa ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa a 1965. Da rance daga gidan ya fara kasuwanci a 1977. Shi bai tsaya a kamfanin iyali ba, ya kai manyan kamfanoninsa kasuwar hannun jari, na siminti a 2010, inda dole a riƙa buga lissafi duk shekara, a zauna da masu hannun jarin da ba dangi ba, a amsa tambayoyinsu. A watan Yunin 2025, watan da aka yi rashin Alhaji Aminu, Aliko ya sauka daga shugabancin hukumar daraktocin kamfaninsa na sukari. A watan Yuli ya sauka daga ta kamfanin siminti, aka ɗora Emmanuel Ikazoboh, wanda ba ɗan gidan ba ne, ba ma ɗan Kano ba. A zaman da aka yi wannan sauyi ne aka shigar da 'yarsa Mariya cikin daraktoci, mai sunan kakarta.